CIYAR DA IYALAN 'YAN CIN RANI A LOKACIN ANNOBA: DARASI DAGA ƘAURAN NAMODA, SHINKAFI DA ZURMI



Gabatarwa

Maganar da na zo da ita yau ta shafi wani mutum da kowa a cikinmu ya sani, amma ba safai sunansa yake shiga takardun hukuma ba. Shi ne ɗan cin rani, watau manomin nan wanda idan kaka ta wuce, an kai gero da dawa rumbu, sai ya ɗaure 'yan kayansa ya nufi Kano ko Kaduna ko Badun ko Ikko neman abin da zai cike giɓin shekara. Shi ne ɗan ga-ruwa da ɗan dako, shi ne mai gadi da mai shayi da ɗan acaɓa. Tambayar da nake so mu duba ita ce: idan annoba ta sauka, aka rufe hanyoyi da kasuwanni, wa zai ciyar da wannan mutum a inda ya maƙale, wa kuma zai ciyar da iyalin da ya bari a gida? Zan ɗauki garuruwa uku na arewacin Jihar Zamfara, watau Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, su zama madubi, in kuma ɗauki shekarar 2020, shekarar cutar korona, ta zama ma'auni. Abin da nake son tabbatarwa ɗaya ne: agajin da aka gina a kan jerin sunayen mazauna gari yakan tsallake ɗan cin rani sau biyu, sau ɗaya a birnin da ya je, sau ɗaya a ƙauyen da ya baro.

Ƙasar da mutanenta

Wanda ya tashi daga Gusau ya nufi arewa zai fara isa Ƙauran Namoda. Daga nan hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Zurmi ta wuce Jibiya ta Jihar Katsina, ɗaya kuma ta nufi Shinkafi da Isa, ta doshi iyakar Jamhuriyar Nijar. A Ƙaura ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta tsaya cikin 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, da leburorin da ke lodinsu. Shinkafi kuwa ta shahara da kasuwarta ta ranar Alhamis, inda fataken hatsi da na dabbobi daga Nijar da Kurmi suke haɗuwa. Ashe ke nan ƙasar tana da fuska biyu: tana fitar da 'yan cin rani, tana kuma karɓar na wasu.

Wannan tafiya ba yau aka fara ta ba. A ranin 1952 zuwa 1953, lokacin da ƙasar Zamfara take cikin Lardin Sakkwato, an yi ƙidayar matafiya a kan hanyoyi da mashigun ruwa na lardin, wadda masanin labarin ƙasa R. Mansell Prothero ya yi nazarinta, aka sami mutum fiye da 250,000 sun fita neman aiki ko fatauci. Dalilin da ya fitar da su shi ne yake fitar da jikokinsu: damina wata huɗu ce ko biyar, ciki kuwa wata goma sha biyu yake nema. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Mayu 2020 ya nuna cewa kusan kashi 74 cikin ɗari na mutanen Zamfara suna ƙasa da layin talauci, wanda aka yanka a kan N137,430 ga mutum ɗaya a shekara, alhali kuwa adadin ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne.

Yadda gidan ɗan cin rani yake ci

Domin mu gane inda annoba take suka, sai mu fara gane yadda irin wannan gida yake tafiyar da cimarsa. Tafiyar maigida tana da amfani biyu. Na farko, ta rage baki ɗaya daga rumbu, kuma bakin namiji ne mai ƙarfi. Na biyu, tana kawo kuɗi: ɗan abin da yake aikowa ta hannun direba ko ta waya shi ne kuɗin cefane da na magani, abin da zai dawo da shi kuwa a ƙarshen bazara shi ne kuɗin iri da taki, da na hatsin da za a ci daga faɗuwar ruwa zuwa nunar sabon gero. Ga talaka rumbu yakan ƙare tun kafin tsakiyar damina, a daidai lokacin da tiyar hatsi ta fi tsada, aikin gona kuma ya fi tsanani.

Saboda haka gidan ɗan cin rani gida ɗaya ne mai murhu biyu, ɗaya a tasha ko kasuwar birni, ɗaya a ƙauye, kuma ɗaya na hura ɗaya. Idan aikin birni ya tsaya na mako shida a watan Afrilu da Mayu, asarar ba ta tsaya ga makon shidan ba. Gonar da ba ta sami taki a Yuni ba za ta ba da rabin amfaninta a Oktoba, maigida kuma ya shiga sabuwar shekara da bashi a wuya. Abin lura kuma shi ne, annobar da muka saba da ita a ƙasar nan ta fi zuwa a rani da bazara, lokacin da maza ba sa gida. Sanƙarau ɗin da ya ɓarke a ƙarshen 2016 a ƙasar Zurmi aka fara ganinsa, ya bazu zuwa wasu jihohi, kafin tsakiyar 2017 an ƙirga mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 kuma sun rasu.

Abin da ya faru a 2020

An tabbatar da shigowar cutar korona Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020 a Ikko. Tun kafin nan, daga 1 ga Fabrairu, gwamnatin jihar ta hana acaɓa a manyan unguwanni da dama, matasan Arewa masu yawa suka rasa sana'a. Ran 30 ga Maris Gwamnatin Tarayya ta kulle Ikko da Abuja, Jihar Ogun ta biyo baya, a tsakiyar Afrilu kuma aka kulle Kano. A ƙarshen watan aka sami cutar a Zamfara. Daga farkon Mayu aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a ɗage hanin ba sai 1 ga Yuli. Iyakokin ƙasa kuwa tun Agustan 2019 suke rufe, sai ran 16 ga Disamba 2020 aka buɗe huɗu daga cikinsu, har da ta Illela da ta Maigatari.

Ku dubi waɗannan ranaku da idon manomi. Watannin da aka tare hanya, Mayu da Yuni, su ne watannin komawa gida domin shara da shuka. Mai ga-ruwa da ɗan dako abin da suka samu yau shi suke ci yau, ranar da ba a fita ba kuwa babu. Wanda ya tara ɗan wani abu domin taki, sai ya zauna yana cinsa a birni. Jaridu sun yi ta kawo labarin matasa da aka kama sun ɓuya cikin manyan motocin shanu da na hatsi, domin suna cikin waɗanda doka ta bari su wuce. Mutane da yawa sun ɗauki wannan taurin kai ne ko jahilci. Ni kuwa a ganina lissafi ne: mutumin ya auna cutar da bai gani ba da yunwar da ya sani, ya zaɓi hanya.

Daɗin daɗawa, azumin wannan shekara ya kama ran 24 ga Afrilu, a tsakiyar kulle. A wurare da dama an dakatar da tafsiri da tarukan masallatai. To, ƙofar masallaci da ƙofar gidan attajiri su ne ɗakin girkin baƙo a watan Ramalan, nan yake samun kunu da ƙosai da sadakar hatsi ba tare da an tambaye shi daga ina ya fito ba. Da aka watsa taro domin tsare lafiya, sai aka toshe wannan kafa ita ma.

A arewacin Zamfara kuma annobar ta tarar da wata masifar a ƙasa. Hare-haren 'yan bindiga sun riga sun tashi ƙauyuka da dama, mutanensu suka kwararo cikin Shinkafi da Zurmi da Ƙaura, wasu suka tsallaka Nijar. Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da labarin cewa a watan Afrilu 2020 kaɗai mutum kimanin 23,000 suka gudu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙasar Maraɗi, jimillar waɗanda suka tsallaka cikin shekara guda ta wuce 60,000. Manomin da aka raba da gonarsa ya koma ɗan ƙwadago a cikin gari, baƙo a ƙasarsa ta haihuwa, sa'an nan ga kasuwar da yake dako a cikinta ta yi sanyi.

Agajin da aka yi da inda ya tsaya

Ba za a ce ba a yi kome ba. A watan Afrilu Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ba da umurnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan gwamnati, ya kuma ce a faɗaɗa rajistar matalauta daga gida miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Waɗanda ke cikin shirin tallafin kuɗi an ba su N20,000, watau na wata huɗu a dunƙule. Manyan 'yan kasuwa da bankuna, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote, sun kafa haɗakar nan ta CACOVID tare da Babban Bankin Nijeriya, suka ware kimanin Naira biliyan 23 domin sayen shinkafa da taliya da sukari da gishiri da sauransu, da nufin su kai ga gidaje fiye da miliyan ɗaya da rabi a ƙananan hukumomi 774. Ban da wannan, sai ɗimbin sadakar da ba a rubuta ba, ta maƙwabci ga maƙwabci, wadda Allah kaɗai ya san adadinta.

Amma akwai cikas iri uku da ya kamata ma'aikaci ya sani. Na farko shi ne na suna. Kayan agaji suna sauka daga tarayya zuwa jiha, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, daga nan zuwa mazaɓa, kowane mataki kuma yana aiki da jerin sunayen waɗanda aka sani a wurin. Ɗan Zurmi da ke kwana a rumfar kasuwa a Agege ba ya cikin jerin mazaɓar Agege, domin ba shi da ɗaki, ba shi da ƙuri'a a nan, kuma Bahaushe ya riga ya ce baƙo raɓa ne. A gida kuwa, idan an zo rubuta mabukata, akan fara da gwauraye da marayu da tsofaffi da naƙasassu, wanda daidai ne, amma matar ɗan cin rani sai a ce ai tana da miji yana nema a Kurmi. Ga shi mijin ya fi wata bai aiko da ko kwabo ba, ita kuma kunya da tsare mutuncinsa ba za su bar ta ta fita ta bi layi ba.

Na biyu shi ne na lokaci. An fara kulle a ƙarshen Maris, amma babban rabon kayan CACOVID sai a Agusta aka ƙaddamar da shi. A Oktoba, lokacin tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Ikko da Jos da Kaduna da Ilori da Yola da wasu garuruwa, suka tarar da kaya jibge. Masu haɗakar sun ce sayen kaya masu yawa haka a lokacin kulle shi ya kawo jinkiri, gwamnoni kuma suka ce wani kason an ajiye shi ne saboda tsoron dawowar cutar. Ko da mun karɓi waɗannan dalilai, buhun da ya iso a Oktoba ba zai shuka gonar Yuni ba.

Na uku shi ne na farashi. Hauhawar farashin abinci, wadda take kusan kashi 15 cikin ɗari a Maris 2020, ta kai kusan kashi 23 a Maris 2021. Kuɗin da aka ba mutum domin hatsi sai ya riƙa narkewa a hannunsa. Sakamakon haɗuwar annoba da tsada da rashin tsaro ya bayyana a jikin yara. Ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF ta ce a wata huɗu na farkon 2021 ta yi jinyar yara 10,300 a Anka da Zurmi da Shinkafi saboda tamowa da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da makamantansu, ƙarin kashi 54 cikin ɗari a kan na daidai wannan lokaci a shekarar da ta gabace ta. A 2024 kuma binciken da aka yi a Shinkafi da Zurmi ya nuna cewa fiye da yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Ba korona kaɗai ta haifar da wannan ba, rashin tsaro shi ne uwa uba, amma ya ishe mu gane irin ƙasar da annoba ta gaba za ta sauka a kanta.

Abin da shari'a da al'ada suka tanada

Abin mamaki shi ne, matsalar baƙo da ta gagari takardun zamani, magabata sun daɗe da yi mata tanadi. Cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata a matsayin masu cin zakka akwai ibnus sabil, watau matafiyin da guzurinsa ya yanke. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi bayanin cewa ana ba shi abin da zai kai shi gida ko da mawadaci ne a garinsu, muddin bai sami mai ranta masa ba. Sun kuma ce a raba zakka a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, sai fa idan akwai waɗanda suka fi bukata a nesa. Ma'aunin dai shi ne inda mabukaci yake da halin da yake ciki, babu maganar takardar shaidar zama ɗan asalin gari. Nisabin hatsi wusƙi 5 ne, watau sa'i 300, ana fitar da ɗaya bisa goma na abin da ruwan sama ya shayar, da rabin haka na abin da aka sha wahalar ban ruwa. Zamfara kuwa tana da Hukumar Zakka da Waƙafi tun bayan ƙaddamar da Shari'a a 1999, saboda haka ba sabon gini ake nema ba.

Tarihi ma ya ba mu misali. A shekara ta 18 bayan Hijira fari ya afka wa Hijaz, annobar Amwas kuma ta afka wa Sham. Mutanen ƙauye suka kwararo Madina. Sayyidina Umar ya naɗa mutane a kan kowane sashe na garin su ƙidaya baƙin, su raba musu abinci, a kai wa marasa lafiya da yara nasu har masauki, ya kuma rubuta wa gwamnoninsa, ciki har da Amru ɗan Asi, su aiko da hatsi. Ya ƙidaya wanda ya gani a gabansa, ya ciyar da shi a ranar.

A tamu al'adar kuma, baƙo bai taɓa zama marar uba ba. A kowane zango na Kurmi da Gwanja akwai Sarkin Hausawa, akwai masu masauki da fatake suke sauka a hannunsu, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Badun. A kowace tasha akwai shugabannin direbobi da na 'yan dako, a kowace kasuwa akwai sarkinta. Waɗannan mutane sun san wanda ya zo, da garin da ya fito, da wanda ya kwana bai ci ba. A ƙauye kuma mai unguwa da liman da ungozoma sun san gidan da hayaƙi ya daina tashi. Ilmin yana nan, hukuma ce ba ta saba tambayarsa ba.

Shawarwari

Daga abin da ya gabata ina ba da shawara biyar. Ta farko, a yi rajistar gidajen da suka dogara ga cin rani tun ana zaune lafiya, a kowace kaka, ta hannun masu unguwanni da limamai, a rubuta sunan matar da ke riƙe da gidan da adadin masu ci daga tukunyarta. Ta biyu, duk jihar da za ta kulle gari ta ware kaso na musamman domin baƙi, a raba shi ta hannun sarakunan Hausawa da shugabannin tasha da na kasuwa, a gaban shaidu, kuma Zamfara ta yi wa baƙinta na Nijar da 'yan gudun hijira abin da take so a yi wa 'ya'yanta a Ikko. Ta uku, Hukumar Zakka da ƙananan hukumomi su sayi gero da dawa da masara a kaka, lokacin araha, su ajiye a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, domin tsabar da ke kusa ta fi taliyar da za a jira daga bakin teku. Ta huɗu, idan hana zirga-zirga ya zama dole a gab da damina, a buɗe wa manoma hanyar komawa gida bisa tsari, a duba lafiyarsu, a haɗa musu da iri da taki. Ta biyar, a manna abin da ya iso kowace mazaɓa a ƙofar fadar hakimi, a kuma karanta shi a rediyo, sa'an nan a sa mata cikin masu rabo, domin su ne za su iya shiga gidajen da namiji ba ya shiga.

Kammalawa

Kakanninmu sun sa wa yunwar 1914 suna Kakalaba, ta 1927 'Yar Buhu, ta 1942 kuwa 'Yar Gusau, saboda a lokacin ƙasar nan ce mutanen maƙwabta suke tattaki zuwa gare ta neman hatsi. Ƙasar da ta taɓa ciyar da baƙi a ranar tsanani ta cancanci a ciyar da 'ya'yanta idan tsanani ya riske su a wani wuri. Ɗalibin da ke zaune a nan yau shi ne sakataren ƙaramar hukuma ko jami'in agaji na gobe. Ranar da aka miƙo masa jerin sunaye domin ya sa hannu, ina roƙonsa ya tsaya ya yi tambaya biyu kafin ya ɗauki alƙalami: ina waɗanda suka zo garin nan neman abinci, ina kuma iyalan waɗanda suka bar shi domin nemansa?

Allah ya kiyashe mu daga annoba da yunwa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.